Akuyar Maman Ruvimbo

Maman Ruvimbo daga ƙarshe take fara karanta littafi, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Mu huɗu ne muke musayar littattafan labari a unguwar Mucheke ta Masvingo, duk ranar Alhamis bayan taron matan coci. Kina miƙa mata, sai ta lashi yatsa ta buɗe shafin ƙarshe.

"Uwar ta mutu," in ji ta. "Ungo kayanki."

"Ke tsohuwar banza, ban kai wurin ba!"

"To na rage miki wahala."

Labaran uwa da 'ya ne suka fi cin ranta, su ne kuma ba ta iya bari. Takan ce marubutan nan sun san ɗacin bakin uwa kamar a cikin kicin ɗinta suka girma, amma ragwaye ne. Sai su sa uwa ta yi ta mugunta, su kashe ta, don 'yar ta samu abin kuka.

Mun san inda ke mata ciwo. 'Yarta Ruvimbo ta auri direban bas a Harare, bayan uwar ta ce da ita a gaban mutane gara ta auri tayar motar. Tun daga nan babu mai kiran wata. Sai labari ya zo Ruvimbo na da cikin fari. A wurinmu dangin miji ne ke kawo mai ciki gida da akuya, a yi al'adar masungiro, ta haihu a hannun uwarta. Uwar da ta ga cikin kafin akuya ta iso, bayanta zai karye. Dangin direban kuwa, da aka zagi ɗansu, ko kaza ba su aiko ba.

A makon nan ta sayo wani tsohon littafi a bakin tasha, ashe an yage ƙarshensa an naɗe gyaɗa. Dole ta fara daga farko. Ranar Alhamis ta zo tana huci.

"Yarinyar littafin nan ba ta da kunya. Amma rabin maganarta gaskiya ce."

"Uwar ta mutu?" na tambaya.

"Ina zan sani? Tana nan zaune tana jira a zo a ba ta haƙuri, kamar wata sakara."

Da safe ta sayi akuya da kanta, abin da uwar mace ba ta yi, aka ɗaure ta a saman bas. A Harare ta tura akuyar ta riga ta shiga gidan.

"Amai, bayanki!" in ji Ruvimbo, don haka muke kiran uwa da yarenmu, tana kare ciki da zane.

"Akuya ta iso, ba ki gani ba? Ina surukina? Ya zo ya yanka, ni ban iya ba."

Direban da kansa ya kawo su Mucheke. Ruvimbo ta haifi mace a ɗakin uwarta. Gadon bayan Maman Ruvimbo ya yi ciwo kam, amma goyon jika ne.

Har yau tana zagin marubuta, har yau yatsanta na zarcewa baya. Abu ɗaya ta roƙe mu: "Duk wadda za ta ara mini littafi, don Allah ta yage shafin ƙarshe ta riƙe a wurinta."