Ranar da Bukar Ya Miƙe Tsaye

A gidanmu na unguwar Yindiski, in an sauke tukunyar tuwo, Kaka Falmata ba ta barin garwashi ya mutu a banza. Sai ta binne mana gyaɗa a toka, mu kewaye murhun. Tatsuniyar kura da zomo ba ta dame ta ba. Labarin da ta fi so shi ne na wanta Bukar, kuma har yau ina kewar yadda take jan sunan da harshenta na Barebari.

A zamanin Turawa, in ji ta, aka ce talakawa su zaɓi wakilan da za su je majalisa a Kaduna. Sama da wannan majalisa akwai ta sarakuna, sai Gwamna, can ƙoli kuma Sarauniyar Ingila. Aka zaɓi Bukar. Saƙon matan unguwa ɗaya ne, rijiya, don da rani sai ƙafa ta kumbura kafin su samo ruwa.

To, a majalisa wanda ya miƙe tsaye ake ba magana. Bukar kuwa tun yana yaro an hore shi cewa ba a tsaya wa manya a kai. Duk lokacin da maganar rijiya ta zo masa baki, sai ya zare takalmi ya durƙusa a bayan benci. Shugaban majalisa ko hularsa bai hango ba, har aka tashi zaman.

"Da ya dawo," in ji Kaka, "na dire masa tulu a ƙofar ɗaki. Na ce, 'Yaya, in durƙuso ne ai ba sai an je Kaduna ba. Gobe kai za ka ɗebo mana.'"

Mu mu kwashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi. A zama na gaba Bukar ya miƙe, ya faɗi abin da aka aike shi. Maganar ta hau sama ta daɗe ba ta sauko ba. Turawa sun tattara sun tafi kafin a sa diga, amma an haƙa.

Ina yaro na ɗauka Bukar wawa ne. Sai da na zama malami, abokan aiki suka tura ni taro in kai kukan rufin ajinmu da ke yoyo a kan yara. Na ga manya a jere, na ji gwiwata na neman ƙasa da kanta. Ranar na ji tausayin Bukar ƙwarai. Ladabi abu ne mai kyau, amma ɗan aike in ya durƙusa, har da waɗanda suka aiko shi ya durƙusar. Na dafa tebur na miƙe.