Ɗigo Huɗu a Injin Mama Tumpe

Shekara talatin Mwakalinga ya yi yana gyaran mota a gindin bishiyar mangwaro ɗaya a Mbeya. Ba shi da allon suna. Sukundireba yake ɗorawa a kan inji, ya kara kunne a ƙotar, ya faɗa maka ciwon motarka kafin ka gama gaisuwa. A kan Fijo ya koyi aiki tun yana saurayi, shi ya sa har ya tsufa daga baya yake fara ƙirga fistin, daga wajen akwatin giyar mota, alhali sauran makanikai daga gaba suke farawa.

Sai Lusajo, ɗan ƙanwarsa, ya gama kwalejin fasaha ya buɗe gareji a tsallaken titi, da rufin kwano da kwamfutar duba mota. Mwakalinga ya je buɗewa, ya ci naman akuya, ya sa albarka. Tun daga ranar ya juya bencinsa don kada ya riƙa ganin wurin, amma kunnensa bai juya ba. Duk motar da ta shiga can ya san ta da kukanta.

Wadda ta fi ci masa rai ita ce akori-kurar Mama Tumpe, mai ɗauko ayaba daga Tukuyu. Sau biyu ya taɓa sauke injin nan da hannunsa. Murafu huɗun da ke riƙe da hannayen fistin shi ya buga musu ɗigo, ɗaya zuwa huɗu, don kowanne ya koma mazauninsa. Yanzu ga motar can tana hayaƙi a ƙarƙashin rufin kwano.

Ranar da za a haɗa injin bayan an sauke shi, Lusajo ya tsallako ya rusuna.

"Kawu, kai ka san motar nan. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Mwakalinga ya tuna ɗigon. Murafun sun cakuɗe a wurin wanki, ya waiga ya gani da idonsa. Ya ci gaba da goge sifana.

"Ka tambayi kwamfutarka mana, Injiniya."

Kwana biyu bayan haka motar ta wuce ta gabansa, Mama Tumpe tana ɗaga masa hannu. Ya ji wani ɗan bugu can ƙasa-ƙasa wanda ba kowa zai ji ba. Shi ma ya ɗaga mata hannu. A ransa ya ji daɗi, kuma da azahar ya kasa cin tuwon masarar da matarsa ta aiko.

A hawan dutse injin ya cije, da ayaba cike da bayan motar. Kafin a samu mai janyowa rana ta dafa rabin kayan. Mama Tumpe ta iso da matan kasuwa biyar, suka tsaya a ƙofar Lusajo suna faɗa wa duk mai wucewa cewa takarda ce kawai da shi, hannunsa na riƙe biro ne. Motoci biyu da ke jiran gyara masu su suka zo suka ɗauke. Lusajo yana tsaye yana kallo. Sannan Mama Tumpe ta sa aka turo motar gindin mangwaro.

"Baba, na tuba. Buɗe ka nuna wa yaron nan aikinsa."

Abin da Mwakalinga ya yi wata takwas yana jira ke nan. Ya kwance ƙasan injin a hankali, jama'a sun kewaye shi. Murfi mai ɗigo ɗaya yana gaba, mai huɗu yana baya, daidai yadda littafi ya koyar. Ya ɗaga kai ya ga Lusajo yana kallon ɗigon, yana ƙirgawa da baki, bai gane inda ya ɓata ba. Idan Mwakalinga ya yi shiru, garejin tsallake ba zai kai ƙarshen wata ba.

"Yaron ya bi alama," in ji shi. "Alamar tawa ce, ni kuma daga baya nake ƙirgawa. Ya zo ya tambaye ni, ban faɗa masa ba."

Mama Tumpe ta juyo kansa. Ta ce da girmansa da furfurarsa, ayabarta ce ya ga dama ya yi kishi da ita? Ba ta jira amsa ba, ta sa aka sake tura motar tsallaken titi.

Mwakalinga da Lusajo, su biyu, suka sake haɗa injin. Lusajo bai tayar da zancen ba, sai "miƙo min, Kawu" da "riƙe nan". Maganar bugun da ya ji ranar da motar ta wuce kuwa, har yau Mwakalinga bai faɗa wa Mama Tumpe ba.

Da aka zo ɗaure murafun, Lusajo ya ɗauko wata doguwar sifana mai yin ƙas idan ɗauri ya kai. Mwakalinga ya gwada kowane noti da hannunsa, ya tarar babu na gyarawa. Ya juya sifanar, ya shafa ta, ya ajiye.

"Ta ragwaye ce," ya ce, ya tsallaka ya koma bencinsa.