Akuya Mai Tsawo

Mai Guduma ake ce masa a layin gareji. Tun yana saurayi aikinsa ke nan: in mota ta lotse, ya bubbuga ta ta miƙe, ya bi ta da fenti. Ba da ido yake duba lotsawa ba. Tafin hannu yake ɗorawa, ya ce wannan bango ne, wannan kuwa babur. Makanikai kan tsokane shi: "Boka, shafa mana kan wannan, mu ji abin da ya buge shi yana yaro."

Allah bai ba shi haihuwa ba. Ɗan ƙanwarsa, wani direba, shi ya riƙa kamar nasa.

Wata safiya direban ya shigo da mota, murfin inji ya lotse, fitila ɗaya ta fashe.

"Kawu, akuya ce ta faɗo mini."

Mai Guduma ya ɗora hannu, ya daɗe bai ɗauke ba. A bakin fasasshiyar fitilar akwai zare shuɗi, irin na mayafi. Ya zare shi, ya sake shi iska ta tafi da shi.

"Akuya mai tsawo," ya ce. Sannan ya ɗauko guduma.

Kafin la'asar mota ta koma kamar ba ta taɓa hawa titi ba. Amma wani ya riga ya riƙe lambarta. Ashe wata mata motar ta buge, za ta ɗauko 'yarta daga makaranta, ba ta kuwa tashi ba. Aka kama direban. Aka dawo aka tafi da kawun, bisa zargin ɓatar da shaida.

Lauya ya ce masa, "Baba, magana ɗaya ce. An ce maka akuya, ka yarda. Wanda bai sani ba, ba shi da laifi."

Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, ka riƙe akuyar nan da kyau. Ita za ta fid da ku duka."

Ranar shari'a mijin matar yana bencin gaba, yarinyar na jingine da shi. Mai gabatar da ƙara ya tambaya, "Da ka taɓa motar, ka san abin da ta buge?"

Mai Guduma ya dubi tafin hannunsa. Ya dubi ƙanwarsa.

"Akuya ba ta kaiwa nan, ranka ya daɗe."

Alƙali ya ba shi shekara biyu. Hukuncin direban ya fi haka nesa.

Da ya fito, ya tarar an ba wani rumfarsa. Ƙanwar ba ta zo sannu ba. In sun haɗu a hanya, sai ta gyara mayafi ta tsallaka.

Yanzu a kan wata tsohuwar taya yake wuni, a bakin layin. In an jawo mota lotsattsiya, wani kan ɗaga murya: "Boka, zo ka shafa mana!"

Sai ya tura hannayensa cikin aljihu, ya ce su duba da ido.