Bedin Istifanus da Ƙyashin Mudi

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya daga cikin Funtuwa da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, yana tafe a kan tsohon keke da kwanon ɗumame ɗaure a baya. Malam Istifanus ke nan, bakanike, mutumin Gozaki. In ya iso gareji ba ya fara buɗe akwatin sufana. Sai ya jingine keken, ya cire hula ya yi 'yar addu'arsa, sannan ya ɗaga kai ya ƙare wa itacen bedin da ke ƙofar rumfarsa kallo, kamar manomi mai zagayen gona. Sai ya gama wannan zai juyo ya ce wa direban da ya riga kowa zuwa, "To, me ke damunta?"

Bedin nan kuwa ba irin wanda kuka sani ba ne, 'ya'yansa ƙarfe ne da roba. Tun farkon shekarun saba'in, duk kayan gyaran da Istifanus ya sa wa mota suka mutu kafin lokacinsu, ba ya yar da su. Ɗaure su yake yi da waya ya rataye. Kowane mai sayar masa da kaya da reshensa. Na Sabon Garin Zariya ga nasa, na Kano ga nasa, Alhaji Shitu na nan cikin gari ga nasa can wajen gabas. Reshen da ya yi nauyi, mai shi ya yi asarar cinikin Istifanus. Tsada ba ta ceton kowa a wurinsa. An taɓa ganin mutumin Kano, wanda kayansa suka fi na kowa tsada, ya zo da kansa yana roƙon a sauke masa wani boris da ke lilo a reshensa. Istifanus ya ba shi kujera, ya sayo masa shayi, amma boris ɗin yana nan har yau.

A wannan watan ne ya ce idonsa ya fara gajiya, zai koma gonarsa ta Gozaki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba kuma shaidar masoyansa zan kawo muku ba, su ai komai ya yi daidai ne. Shaidar mutumin da ya shekara da shekaru yana jin haushinsa zan kawo, wato Mudi, wanda garejinsa ke tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa.

A wurin maigida ɗaya suka koyi aiki a Zariya, Istifanus ne babba, har Mudi na ce masa Yaya. Kuma a faɗi gaskiya, Mudi ya fi shi hannu. Mota na tahowa daga nesa zai karkata kai ya ce fulogi ɗaya ba ya ci, in aka buɗe kuwa haka ne. To, abin da ke cin ransa ke nan. Ga gwani zaune a kan benci yana korar ƙuda, ga motoci sun yi layi a tsallake, wai don wata bishiya! In Istifanus ya sake tayar keke, Mudi ya gani. In matarsa Susana ta aiko masa da abinci a sabon kwano, Mudi ya gani. Ya daina ce masa Yaya, ya koma ce masa Mai Bishiya. A teburin mai shayi kuwa ba a gama zuba madara bai ɗauko zancen ba.

"Ku dai kuna da abin mamaki," in ji shi. "Mutum ya mai da itace bola, ku kuma kuna ta kai masa motocinku. Ku tambaye shi wa ya koya masa ɗaure kafireto!"

Da abin ya ishe shi, wata rana ya kwaso tsofaffin ƙarafa ya rataye a mangwaron ƙofar garejinsa, shi ma ya yi bishiya. Bai ware na kowa ba, ya dai loda. Direba na farko da ya tsaya ya ɗaga kai, ya riƙe haɓa, ya ce, "Kai, Mudi! Duk waɗannan a hannunka suka mutu?" Kafin azahar ya sauke su tas, aka daɗe ana yi masa tsiya a tasha.

Sai ga shekarun tsuke bakin aljihu. Kayan gyara na ainihi suka yi ɓatan dabo, wanda aka samu kuma sai an bi shi Zariya ko Kano, kuɗinsa ya sa mutum gumi. Daidai nan Alhaji Shitu ya cika shago da wasu kaya cikin kwali mai ƙyalli, ga araha kamar kyauta. Istifanus ya je ya duba. Ya sayi fitilu, ya sayi madubai, ya sayi fanbel, don shi ba mai son tsada ba ne haka kawai. Amma da aka miƙo masa robar birki, sai ya murza ta a yatsa, ya kai gareji ya jiƙa a man birki ta kwana. Da safe ta kumbura ta yi laushi. Ya ɗaure ta da waya ya rataye a reshen gabas.

Rabe, mai akori-kurar da ke jigilar auduga da fasinja tsakanin Danja da Funtuwa, shi ne ya fara yi masa ƙorafi.

"Haba Malam, ka sa mini fanbel ɗin Alhaji ba ka ce komai ba. Me ya sa robar birki sai ta Zariya? Ka san kuɗinta kuwa?"

"Na sani, Rabe. Abin da in ya lalace mota za ta tsaya, sayi mai araha, iyaka ka yini a hanya. Abin da in ya lalace mota ba za ta tsaya ba, wannan ba na sa mai araha."

"To, ai ba kai kaɗai ne bakanike a garin nan ba."

Rabe ya ja motarsa ya tsallaka titi. Sauran direbobi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ba laifinsu ba ne, kowa da iyali, ga taya ta yi tsada, ga mai. Zo ka ga Mudi a wannan kakar auduga! Ya sayi rediyo yana ƙure murya don ta kai tsallake. Ya sayi hula zanna. In ya fito daga ƙarƙashin mota sai ya yi miƙa yana kallon garejin da ba kowa, ya ce, "Yau ma Mai Bishiya na hutu ne?" Daɗi har cikin ransa, bai kuma ɓoye ba.

Malam Istifanus, kai ne ka zauna a wannan shekarar kana gyaran injin niƙa da famfon feshi don tukunya ta hau wuta. Kai ne Susana ta tambaya ko bishiya za a ci a gida. Alhaji Shitu ya aiko maka cewa zai rage maka fiye da yadda yake rage wa kowa in ka sauke robar nan daga reshensa, ka ce a gaishe shi, a kuma ce masa fitilunsa na da kyau. Na sha wucewa na gan ka zaune kai kaɗai a gindin bedi, ban taɓa jin ka zagi na tsallake ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, titi cike da mutane. Rabe ya tsaya ƙofar garejin Mudi da lodin buhunan taki, ga fasinja a sama. Ya leƙo ya ce, "Mudi, birkin nan fa sai na taka na sake takawa yake kamawa."

"Haka sabuwar roba take, za ta zauna," in ji Mudi, ko tashi bai yi ba.

Sai ga Hansai, matar Mudi, ta fito daga lungu da ƙullin kayanta da goyo a baya. Ƙanwarta ce ta haihu a Danja, za ta suna, shi ma ya sani, shi ya ba ta izini. Abin da bai tambaya ba shi ne motar da za ta shiga. Rabe ya buɗe mata gaba don girmamawa, ta zauna ta gyara goyon a cinya. Ta ɗago ta ce, "Malam, sai mun dawo."

Waɗanda ke wurin sun ce fuskar Mudi ta sauya nan take. Ya san hanyar Danja, ya san gangaren da ke gaban gada, ya kuma san abin da ya sa a motar nan da hannunsa. Rabe ya sa giya. Mudi ya zabura ya buga bodin motar.

"Kashe ta! Rabe, kashe ta!"

Ya kwance wurin man birki a gaban kowa. Robar ta fito a kumbure, tana narkewa a yatsa kamar danƙo. Ya shiga rumfarsa ya birkita kwalaye, duk irinta ce. A duk Funtuwa ranar, wuri ɗaya aka san akwai ta gaske, kuma kowa ya san wurin, har masu shayi sun bar teburinsu sun zo kallo. Mudi ya tsaya a bakin titi da robar a hannu. In ya tsallaka, yana ganin sunansa ya gama lalacewa, gobe za a ware masa nasa reshen a bedi, duk direban da ya wuce ya nuna. In bai tsallaka ba, ga Hansai da jariri a gaban mota, ga mutane a sama. Ya tsallaka.

"Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. Rabonsa da wannan kalmar an daɗe.

Istifanus ya karɓi robar ya duba. Bai ce ai na faɗa ba. Ya shiga ciki ya ɗauko ta Zariya ya miƙa masa, sannan ya yi tambaya ɗaya, a hankali yadda ba wanda ya ji sai su biyu.

"Sauran motocin da ka sa wa irinta fa? Su ma matan wasu ke shiga."

Mudi ya ce wannan tambayar ta fi mari zafi. Washegari Istifanus ya shiga motar Zariya ya sayo abin da ya samu. Aka yi ta aika wa direbobi su dawo. Ya kwaso akwatin sufanarsa ya tsallako, suka yi aikin a rumfar Mudi, don kada a ce ya janye masa mutane. Robobin da aka cire duk reshen gabas suka hau, har ya sunkuya. Duk wanda ya tambaya daga ina suka fito, amsa ɗaya Istifanus ke bayarwa, "Daga kwalin Alhaji Shitu." Ba a ware wa Mudi reshe ba. Alhaji da kansa ya zo ya gani, ya mai da sauran ga wanda ya kawo masa, ya ci gaba da sayar da fitilunsa.

Kuna tsammanin ƙyashin ya ƙare? Ina! Da na je wurin Mudi don wannan rubutu, sai da ya yi tsaki.

"Abin da ke ba ni haushi da mutumin nan, ko damar jin haushinsa bai bar mini ba. Da ya yi mini gori, da na huta. Malam, ka rubuta cewa na fi shi iya inji."

Na ce na rubuta.

Ya ɗauki tsumma yana goge hannu. Can ya ce, "Ka kuma rubuta cewa tun daga ranar, iyalina ba su sake shiga motar da ba shi ya duba birkinta ba. Yanzu ga shi zai tafi. Wa zai duba mini?"

Malam Istifanus, mai bedi mai 'ya'yan ƙarfe, kai ne ka nuna mana cewa araha ba zunubi ba ce, tsada kuma ba shaida ba ce, sai an gwada an gani. Mata da yawa sun je suna sun dawo, manoma sun kai auduga gidan gurza sun koma gida, ba su san akwai hannunka a ciki ba. A madadinsu nake cewa mun gode. Allah ya ba da damina mai albarka a Gozaki, ya ƙara wa ido lafiya, ya bar ka da Susana. Ku kuma kanikawa da masu shaguna daga nan har Malumfashi, ba na ce kowa ya dasa bedi ba. Amma kafin ka ɗaure noti na ƙarshe, ka tambayi kanka ko za ka bar matarka ta zauna a gaban motar.

Ranar da ya kwashe kayansa, bai bar wa Mudi sufana ko jak ba. Ƙullin waya ya miƙa masa, ya nuna masa reshen kowa. Yanzu da sassafe Mudi ne ke tsayawa a gindin itacen yana ɗaga kai, shi ke jiƙa roba a man birki ta kwana. Jiya ina wurin wani direba ya tsaya yana tambayar mai shayi ina ne bedin Istifanus. Mudi ya fito daga ƙarƙashin mota, ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ni ke aikin, shi ke da sunan." Sannan ya ɗauki waya ya nufi bishiyar.