Ja da Rawayan da Na Yanke a Wayar Kawu Sada

Ranar Larabar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar a firamare, ni ce na riƙo wa Kawu Sada jakarsa daga Yashe har Kankia, ina zaune bayan babur ina ta yanga da sabon abin hannuna ja da rawaya a ƙarƙashin hijabi. Gero ya kai ƙugu, hanya duk taɓo, Kawu kuwa ya sha farar riga da guga, wai yau zai sa allonsa ya yi magana gaban hedimasta.

Kawu ƙanen kakata ne. Ya koyi aikin lantarki a wata masaƙa a Kaduna tun zamanin da kuɗin mai ke yawo, da aka rufe ta ya dawo gida yana gyaran rediyo da cocila a zaure. Samari na ce masa Injiniya, amma da dariya a ciki. Dukiyarsa ɗaya, wani tsohon allon lantarki kore, girmansa kamar tafin hannu, mai baƙin ƙwaro da ƙafafu birjik a tsakiya, wanda wani abokin aikinsa ya bar masa. Allon ba ya jin kowa sai ta wata waya mai kauri, mai kai mai haƙora tara, da ake cusawa a bayan tsohuwar kwamfuta. Siriyal ake ce mata. Wata makaranta a Kankia ta samu irin kwamfutar, tana neman mai koya wa yara, aka ce Kawu ya zo ya nuna abin da ya iya. Sau biyu yana zuwa gwaji a wani shago, komai lafiya lau.

Ni ce 'yar gaban goshinsa. In na gama shara da kai wa awaki dusa, sai in tsuguna ina kallon dalma na narkewa. Shi ya gaya mini cewa a cikin wayar akwai 'yan siraran wayoyi tara masu launi, "uku ka aiki, baki da kunne da ƙasa, shidda zaman banza su kai." To lokacin a makarantarmu yayin abin hannun waya ake, duk yarinyar da ba ta da shi ba ta shiga gaɗa da daraja. Sai na yi lissafi irin na ƙwaƙwalwar aji biyar: tunda shida banza ne, in na ɗauki biyu wa zai sani? Bayan ya gama gwaje-gwajensa, yana masallaci la'asar na warware baƙin salatif ɗin da ke tsakiyar wayar, na tsaga da reza, na zaɓi waɗanda suka fi kyau, na ƙwamushe, na mayar da salatif tsaf. Har ina yaba wa kaina basira.

A ofishin hedimasta aka tayar da janareta, malamai suka cika, yara na leƙe ta taga. Kawu ya cusa waya, ya ɗaure 'yan kusoshinta biyu, ya yi bisimilla ya danna. Fuskar kwamfuta baƙa ƙirin, sai wani ɗan farin layi yana ƙifta ido. Ya canza saurin aika saƙo, ya cire ya hure haƙoran ya mayar, shiru. Gumi ya jiƙa farar rigar. Wani malami ya ce ƙila allon ya tsufa, wani a baya ya ce ko dai mai allon, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni ina rakuɓe jikin ƙofa, hannuna cikin hijabi, abin nan kamar garwashi. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke shi, amma na ƙara cusa hannun ciki. Da hedimasta ya ce mai ya kusa ƙarewa, Kawu ya naɗe wayarsa ya ba kowa haƙuri, ya ce laifin hannunsa ne. Wani saurayi daga Katsina aka ɗauka.

Washegari na kai masa koko, na tarar da wayar a shimfiɗe kan tabarma, salatif a warware. Ya kalli wuyan hannuna, ya karɓi kwano ya ce, "Ja da rawaya sun yi maki kyau, Bilki. Amma su ne bakin da kunnen." Bai gaya wa kowa ba, ko Inna. Da dukana ya yi da na ji sauƙi.

Yanzu ina aji uku a jami'a, injiniyar gaske na nan tafe, 'yan ajinmu na ce mini Yatsun Wuta saboda saurin taifin. Makon jiya na sayo 'yar mahaɗar da ke haɗa siriyal da laftof, na ɗauko allon Kawu da wayarsa da ke ajiye wurina, na liƙa wasu wayoyi biyu a gurbin ja da rawayan nan da hannuna, allon ya farka shap-shap, har na yi tsalle a hostel. Rubutun da Kawu ya tsara a lokacin ya fito layi-layi, gaisuwa ga hedimasta da malamai da ɗalibai, kowa da girmansa. Na ɗauki hoto, na riƙe salula zan tura masa, sai na tuna shekara huɗu ke nan da muka rasa shi. Gaisuwar ta iso, ni kaɗai ce a ɗakin.