Kalma Uku

Shekara ashirin Mai Gyara ya yi a wani ɗan shago tsakanin tela da mai aski, yana farfaɗo da rediyo, daga baya ya koma wayoyi. Mutum ne mai ibada: ko yana tsakiyar aiki aka kira salla, sai ya ajiye sukundireba ya fita. Aibinsa ɗaya, riƙo kamar me. Babban ɗansa, direban babbar mota, ya taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane. Shekara uku ke nan, duk Juma'a sai ya zo ya durƙusa a bakin shagon neman gafara. Amsar ba ta canzawa: "Tashi, kana tare min haske."

Bara ya samu wata manhaja mai kwaikwayon muryar mutum. Matar tela ce ta fara zuwa. Mahaifiyarta ta rasu tana fushi da ita, ta bar saƙonnin murya a waya.

"Malam, kalma uku kawai nake son ji."

"Mamaci ba ya magana, baiwar Allah."

Ta fashe da kuka, shi kuma ya rubuta kalmomin a manhajar. Sai ga muryar tsohuwar, har da tarinta: "Na yafe miki." Ya kai yatsa zai goge, sai ya fasa.

Kafin wata biyu, bencin ƙofar shagon ya daina isar masu jira. Wanda ya tambayi yadda ake yi ma, koya masa yake yi. Matarsa ta ji tsoro.

"Malam, wannan fa shaidar zur ce a kan wanda ba zai tashi ya musa ba."

"Tausayi ne," in ji shi, mutumin da bai tausaya wa nasa ba.

Wata Juma'a direban bai zo ba. Ta zagayo, shiru. Mai Gyara ya kasa aiki, idonsa na kan ƙofa. Ya yi kewar ɗansa sosai, har ya ƙudurta in ya zo zai faɗa masa ya yafe.

A ta uku direban ya shigo a tsaye, yana fara'a, ya ja kujera ya zauna.

"Yau ba durƙuso?"

"Ai an wuce wurin, Baba."

Ya danna wayarsa. Mai Gyara ya ji muryar kansa, har da gyaran muryar da yake yi kafin magana: "Na yafe maka."

"Ban faɗa ba!"

"Mahaifiyar matar tela ma ba ta faɗa ba, Baba. Ga ta can tana barcinta lafiya."

Ya yi sallama ya fita. Mai Gyara ya bi shi har bakin titi, ya faɗi kalmomin nan uku da gaske. Direban ya ɗaga hannu bai waiwayo ba. Kullum da safe yana jin su a wayarsa, da muryar da ta fi wannan taushi.