Hannun da Ya Ɗaga Mini

Ni mutum ne mai saurin hannu da saurin fushi, ba sai an faɗa mini ba. A garejin da na yi aiki a Al Khabaisi, can ƙasar Larabawa, na sha jifan bango da sifana, har mai garejin ya daina ɗaga kai. Aikinmu gyaran bagi ne, 'yar motar nan ta filin wasan golf, ba Golf ɗin da muke lodi da ita a Kano ba. Masu gonaki a bayan gari ke kawo su, mu sa musu manyan tayoyi, mu ƙara wa inji ƙarfi don su hau yashi.

Duk rigimar bagi a kuloci take, don ba ta da giyar hannu. A cikin kulocin akwai ƙarafa uku masu nauyi da sifirin guda. In ka taka totur inji ya ɗau gudu, sai ƙarafan su buɗe, su danne sifirin, su matse bel, mota ta tashi. In suna da nauyi, ta kama da wuri ta tafi salin-alin. In an rage musu nauyi, sai inji ya yi ta ihu kafin ta kama, in ta kama kuwa fizgar ka za ta yi.

Abokin aikina ɗan zangon Kumasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Abu Hail, gadonsa a ƙasa, nawa a sama. Allah Ya ba shi kunne. Mukan ɗaga tayoyin baya a kan jak, mu cire murfin kuloci, ni in hau in taka, shi ya tsuguna a gefe ya karkata kai yana saurare. In ya ɗaga yatsa ɗaya, to nan ta kama. In ya buɗe tafin hannu, in saki totur nan take.

Wani Balarabe ya kawo tasa, yana so ta riƙa zabura da ta tashi. Sau biyu yana dawo da ita. A na biyun ya tambayi mai gareji a gaban kowa ko makaniki ya ɗauka ko mai wankin mota. Raina ya yi mugun ɓaci. Sifirin mai tauri da aikin ke buƙata sai bayan mako zai iso.

Yaya ya ce, "Ƙanina, shwaiya shwaiya, bi a hankali. Sifirin na zuwa, inshallah. Kar ka taɓa ƙarafan nan."

Na ce, "Kai dai Yaya tsoro ya yi maka yawa."

Yana fita cin abincin rana na kwance kulocin, na kai ƙarafan ukun kan injin wasa ƙarfe. Ko sikeli ban ɗauko ba, da tafin hannu nake auna su. Ɗaya na ci shi har kusa da ramin da fil ke shiga, wurin ya yi siriri, kuma na gani da idona. Na kuma sassauta gwamna, abin da ke hana inji wuce iyaka. Da ya dawo na ce masa sifirin na ɗan taɓa, ya zo ya ji. Ƙarya na yi masa, shi kuma ya tsuguna.

Na taka. Inji ya wuce inda ta saba kamawa, ya shiga wani irin ihu da ban taɓa ji ba, motar tana karkarwa a kan jak. Yaya ya buɗe tafin hannu. Na ce a raina saura kaɗan ta kama, na danna totur har ƙasa.

Ƙarar kamar an harba bindiga a cikin durom. Bel ya tsinke ya zabgi bango. Wani guntun ƙarfe ya huda ƙofar kwano ya fice titi. Ɗayan kuwa Yaya ya samu. Bai yi ihu ba, zama ya yi daɓas, hannu biyu a fuska, jini na tsartuwa ta tsakanin yatsunsa yana sauka a wuyan rigarsa. Da na janye hannunsa don in danne wurin da rigata, na ga gira a tsage har ƙashi, abin da ke ƙarƙashinta kuma ba zan rubuta shi ba. Salati kawai yake yi.

Likitoci suka ce za su gwada ceto idon hagun. Kwana tara suna gwadawa. Duk wanda ya tambaye ni, mai gareji, 'yan ɗakinmu, har matarsa da ta kira daga Kumasi tana kuka, magana ɗaya nake faɗa: abin ya zo da sauri, ban ga ya ɗaga hannu ba. Na faɗa har na kusa yarda. Ina tsoron ya rasa idon, amma wallahi na fi tsoron ranar da zai tambaye ni da bakinsa.

Idon bai tsira ba.

Bayan an sallame shi daga asibiti, Yaya ya zo gareji da rana tsaka, auduga a rabin fuskarsa. Ina gyaran wata bagi a kan jak. Na miƙe zan gaishe shi, ya kai mini naushi a baki. Na faɗa kan akwatin kayan aiki, haƙorina ɗaya ya fita. Ya ƙara mini a kunne, ya sa ƙafa ya tokare ni a ciki. Ni da ko kallon banza ba na bari ya wuce, ranar hannuna ya ƙi tashi. Ya shaƙo wuyan rigata ya ja ni a ƙasa har gefen kulocin, ya fincike murfin ya yi jifa da shi.

"Tsuguna nan."

Na tsuguna. Ya hau ya taka. Ƙarfen na juyawa bai fi taƙi ɗaya daga kumatuna ba, zafinsa na dukan fuskata, jinin bakina na ɗiga a siminti. Mai gareji na ta ihu, "Khalas! Khalas!" wato ya isa, amma ba wanda ya iya matsowa. Yaya ya danna har ƙasa ya riƙe. Fitsari ya kusa ƙwace mini, ban dai matsa ba.

Can ya saki. Inji ya lafa. Ya sunkuyo yana haki, ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni da idon daman.

"A ina ta kama?"

"Ban ji ba, Yaya."

"Ni na ji, ranar. Tun kafin ta fashe na ji. Na ɗaga maka hannu." Muryarsa ta karye. "Ka gani ko ba ka gani ba?"

Na tofar da jini.

Na ce, "Na gani."

Sannan ya sauko, ƙafarsa ta kuskure matakin, ya yi taga-taga. Na miƙa hannu zan tare shi, ya ce kar in taɓa shi.